Rajista Ta Ɓata, Ɗalibai Na Cikin Aji

Mu malaman makaranta mun san hanyoyin da rubutu kan bi ya salwanta. Gara ta ci, ɗigar damina ta jiƙa, ɓera ya yi sheƙa da shi, ko kuma gobara ta lashe. Duk waɗannan da idonka kake ganin ɓarnar, har ka san iyakar abin da za ka yi wa kuka. Shi kuwa faifan ajiya na kwamfuta, ran da ya tashi tsiyarsa ba ya sallama. Jiya da yamma ka rufe aikinka lafiya ƙalau, yau da safe kwamfuta ta dube ka ta ce ba ta san wannan faifai ba, ko kana so a yi masa fomatin? To, mai karatu, duk ran da ka ga wannan tambaya, amsarta a'a ce, kome matsuwar da kake ciki.

Dalili kuwa yana cikin yadda aka gina abin. In ka taɓa ganin faifan garmaho, ka kusa gane shi. A cikin ɗan akwatin ƙarfen nan akwai fayafayai masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allura mai karanta maganaɗisun da ke jikinsu. Bambancin shi ne allurar ba ta taɓa faifan, a kan iska take shawagi, da tazarar da ƙwayar ƙura ma dutse ce a gabanta. An yanka fuskar faifan gurbi-gurbi, kowane gurbi bayit 512 a tsohon tsari. Sa'an nan aka raba gurabun zuwa sassa, kamar yadda ake raba babban gida, wannan sashen maigida, wancan na iyali.

Abin mamakin shi ne inda aka rubuta iyakokin sassan. A tsarin MBR, wanda ya shigo tun 1983, dukkan bayanin yana cikin gurbi na farko tak, kuma jadawalin kansa bayit 64 ne kacal, layi huɗu, kowanne bayit 16. Watau abin da bai kai tsawon jimla ɗaya ta wannan maƙala ba shi ke riƙe da adireshin aikin shekara goma. Sabon tsarin GPT ya fi hankali, domin yana ajiye kwafi na biyu a ƙarshen faifai. In jadawalin nan ya lalace, kwamfuta sai ta ce ba ta ga kome ba. Amma kowane malami ya san cewa ran da rajistar aji ta ɓata, ɗalibai ba su ɓata ba. Suna nan zaune a kan bencinsu, mai kiran suna ne ya rasa takarda. Ba sa barin ajin sai an shigo da waɗansu an zaunar a gurbinsu. Haka bayanai suke, suna nan daram har sai an rubuta sabo a kansu.

Mun ga wannan a ɗakin malamai na makarantarmu. Wata tsohuwar kwamfutar tebur ce da muke tarayya a kanta, mai faifan gigabayit 500. Wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ana tsakar aiki, daga nan sashen ajiya ya yi ɓatan dabo. Makin jarrabawa da tambayoyin zango ba su tayar mana da hankali sosai ba, don akwai su a takarda. Abin da ya hana mu barci shi ne aikin wani abokinmu malamin Hausa da Allah ya yi wa rasuwa. Shekara da shekaru ya yi yana bin tsofaffin mata a ƙauyukan da ke kewaye da mu yana rubuta tatsuniyoyi da waƙoƙin niƙa da na daɓe daga bakinsu. Yawancin tsofaffin nan sun riga shi tafiya. Iyalinsa sun ba mu amanar fitar da littafin, ga shi kuma duk abin yana cikin wannan akwati.

Mai gyaran da aka fara kirawo ko zama bai yi ba ya yanke hukunci: a yi fomatin, a ɗora sabuwar Windows, kafin la'asar kwamfuta ta tashi. Gaskiyarsa ta wani gefe, domin shi kwamfuta aka ce ya gyara. Sai dai a ganinmu wannan gaggawa ta masu gyara ta hallaka rubuce-rubuce fiye da yadda wutar lantarki ta yi. Fomatin na gaggawa sabuwar rajista kawai yake buɗewa, ana iya ceto bayansa. Amma cikakken fomatin, tun daga Windows Vista, sifiri yake bi yana rubutawa a kowane gurbi, bayansa kuwa sai dai haƙuri. Muka sallame shi da godiya da kuɗin mota. Wani kuma ya ba da shawarar a sa faifan a firji ya kwana. Wannan ma muka ƙi, don raɓar da za ta taru a ciki ta isa ta ƙarasa shi.

Malamin lissafinmu ne ya karɓi ragama. Da farko ya kasa kunne. Da ya ji faifan na ƙas-ƙas, alamar allura ta samu matsala, da ya kashe nan take, domin irin wannan sai ƙwararru masu ɗaki marar ƙura, kuma kowane juyi ƙara ƙarzar fuskar faifan yake yi. Namu yana juyawa sumul, gurabu ne suka fara ruɓewa. Duk da haka bai yarda a taɓa shi da gyara ba. Aka yi karo-karo aka sayo wani faifan da ya fi shi girma, ya kwafe marar lafiyan gurbi da gurbi da manhajar ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta. Dabararta ta burge mu: wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi take fara kwashewa, ta tsallake masu gardama, sai daga baya ta dawo tana lallaɓarsu. Tana kuma riƙe da taswirar inda ta tsaya, saboda haka ko wuta ta ɗauke ba a komawa farko. Kwana biyu aka yi ana wannan.

A kan kwafin aka saki TestDisk, manhajar kyauta ta wani Bafaranshe, Christophe Grenier. Ita bin faifai take yi tana neman alamun harsashin kowane sashe. Tsarin NTFS na Windows yana ɓoye kwafin gurbinsa na farko a can ƙarshen sashen, kuma da shi ta gane inda katanga ta fara da inda ta ƙare. Sashen ya dawo da foldodinsa da sunayensu. Aka yi kabbara. Da muka duba, foldar marigayi ba ta ciki, ruɓar ta ci daidai wurin da aka rubuta sunayen fayilolinsa.

Saura PhotoRec, ƙanwar TestDisk, mai su ɗaya. Ita ba ruwanta da rajista, fuska take dubawa. Kowane irin fayil yana da tambarin da yake farawa da shi: hoton JPEG da FF D8, takardar PDF da haruffan sunanta, sabuwar takardar Word da PK. Duk inda ta ga tambari sai ta yanko. Illarta biyu ce: ba ta dawo da suna, sai harafin f da jerin lambobi, kuma fayil ɗin da aka warwatsa a wurare daban-daban yakan fito guntu. Masu sababbin kwamfutoci su lura, wannan sa'a ta faifai mai juyawa ce. A kan SSD akwai umarnin TRIM da ke sa a share gurbin abin da aka goge ba da jimawa ba. Shi kuwa tsohon faifai taurin rai gare shi: wanda aka tsinto daga tarkacen kumbon Columbia da ya tarwatse a 2003, a ƙone, an ceto kusan dukkan abin da ke cikinsa, har aka buga sakamakon binciken a 2008.

Dubban fayiloli marasa suna muka raba a tsakaninmu, kowa na buɗewa ɗaya bayan ɗaya bayan an tashi daga makaranta. Malamar Turanci ce ta fara cin karo da Gizo da Ƙoƙi. Muka yi ta tsinta har babi goma sha ɗaya suka cika. Na goma sha biyu, na waƙoƙin daɓe, ya yanke a tsakiyar baiti, abin da ya biyo baya tarkacen wani hoto ne. Sauran kuma duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya kamata su fito sai ka ga wata baƙuwar alama, har muka ɗauka wata sabuwar ɓarna ce. Ashe marigayi da tsohon font ya yi rubutunsa, irin na kafin Unicode ya wadata, wanda ke aron gurbin wata alama ya ɗora harafi mai lanƙwasa. Wannan musanya ce ta 'yan mintoci. Ragowar babin daɓen kuwa, an ce akwai wata tsohuwa ɗaya da ta rage cikin waɗanda suka rera masa, kuma mun sa ranar zuwa wurinta a hutun nan, da biro da littafin rubutu.