Makewayin Inna

 Da daminar bara, uwar mijin wata ƴar ƙungiyarmu a nan Waca, wadda duk muke kira Inna, ta faɗi a bakin makewayi. Dokin ƙofa ne ya kayar da ita. An ɗaga shi sama don kada ruwan wanka ya malalo tsakar gida, ita kuwa ƙafa ta yi nauyi. Aka kai ta likita a Magariya. Wata 2 ba ta iya wanka da kanta, sai matar ɗanta ke wanke ta. Mu mun san abin da ya fi ciwon ƙugu yi mata zafi, wato kunya.

Ranar zubi, ƴar uwarmu ta nemi bashin jika 40 don gyaran makewayin. Wasu suka ce kuɗin asusu na sana'a ne, makewayi ba ya kawo riba. Gaskiya ne, tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, yawanci bashin na juyawa ne. Amma muka yi lissafi: wata 2 tana jinya, ba ta soya ƙuli ba, ba ta fitar da mai ba. Muka ba ta.

Sai gardamar yadda za a gina. Ɗan Inna ya ga irin na Damagaram, mai karo mai sheƙi da pampo a sama, shi yake so. Muka ce: "Malam, mu da jarka muke ɗebo ruwa, wa zai hau da shi sama? Kuma karo in ya sha sabulu, ko yarinya sai ta zame." Ya yi shiru, ya ce a kira magini.

Ga abin da muka tsayar. An fasa dokin ƙofa, ana shiga a miƙe. An faɗaɗa ƙofar yadda mutum biyu za su wuce. Daɓen siminti ne, ba a goge shi sumul ba, an bar shi da kaushi. An karkata shi kaɗan, kamar santimita 2 a kowace mita, ruwa ya bi ta baya ya faɗa rami mai tsakuwa da murfi, don kada sauro ya samu gida. An gina ɗan dakali na zama, an kafa ƙarfen kamawa a bango, bokiti kusa da hannu. Kwana 7 ana yayyafa wa simintin ruwa kafin a taka shi.

Yau Inna na shiga ita kaɗai, ta ja ƙyaure. Bashin ma an biya, saura zubi biyu.

Ƴan uwa, in kun koma gida ku duba bakin makewayinku. Masu juna biyu ma ta nan suke bi, mu ma tsufa na tafe. Allah ya ba mu lafiya da rufin asiri.