Takardar Neman Aikin Yayana Mai Walda

Cikin shekarar 2021, sa'ad da na je hutu Kaduna, wani yayana, ɗan wan mahaifina, ya zo mini da wata bukata. Shi mai walda ne a Panteka, shekararsa 17 yana haɗa ƙofofi da tankunan ruwa. Ya ji labari ana ɗaukar ma'aikata wajen shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar a 2020. Kuɗin haya ya taru masa, ga yara huɗu a makaranta. Ya ce, "Ƙanena, kai ne mai alƙalami a gidan nan, sai ka rubuta mini takardar neman aiki."

Na zauna na zuba Turanci har shafi biyu, na ce shi mutum ne mai ƙwazo da biyayya da riƙon amana. Muka aika. Wata biyu shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Da na sake komawa gida, sai muka kai kwafin takardar wurin wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi aikin bututu lokacin da ake gina matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980. Ya karanta, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ai wannan takardar neman aure ce." Kunya ta kama ni, domin da alƙalamin nan nake cin abinci.

Sa'an nan ya shiga yi wa Yaya tambayoyin da ban yi masa ba. Wace irin walda ya iya, ta lantarki, ko ta gas, ko ta argon? Da wace sandar walda ya saba, 6013 da ake ƙofa da ita, ko kuwa 7018 ta manyan ƙarafa? Ƙarfe mai kaurin milimita nawa ya taɓa haɗawa? Ashe ma yana da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, mataki na biyu, tana kwance a ƙasan akwati, ni kuwa ko ambatonta ban yi ba. Dattijo ya ce mai duba takardun nan tuli ne a gabansa, waɗannan yake nema da ido, a shafi guda, tare da wuraren da mutum ya yi aiki da shekarunsu.

Inda muka sami saɓani shi ne kan 6G, watau a kafe bututu a karkace, digiri 45, mai walda ya zagaye shi ba tare da an juya masa ba. Yaya bai taɓa yi ba. Na ce mu rubuta kawai, in ya shiga ya koya. Ya girgiza kai, ya ce kafin a ɗauki mutum sai an ba shi bututu ya haɗa a gaban idonsu, kuma a ɗauki hoton cikin haɗin da na'ura. "Kana so in tafi can in zubar da mutuncin shekara 17 cikin sa'a ɗaya?"

Takarda ta biyu rabin shafi ce, babu kalmar yabo ko ɗaya. Aikin bututu bai samu ba. Amma wani ɗan kwangila mai haɗa ginshiƙan rumfunan ajiya ya kira shi gwaji, ya kuwa ɗauke shi, ya biya haya. Ran Lahadi da la'asar yakan ɗauki guntayen bututu daga Panteka ya kai ƙofar gidan dattijon, su kafe su a karkace.