Ɗan riƙo ba ya cikin takardar albashi



Wani ɗan uwanmu mazaunin Amurka ya ba mu labarin wata doka a zauren WhatsApp na ƴan garinmu, kuma tun ranar maganar ta ƙi barin ranmu. A can, in mutum ya ɗauki yaron da ba shi ya haifa ba ya mai da shi ɗansa ta hanyar kotu, gwamnati na cire mishi abin da ya kashe daga cikin harajin da ya kamata ya biya. Kuɗin lauya, kuɗin kotu, kuɗin mota ko jirgi, har masauki da abincin tafiya, duk ana lissafawa. An kafa dokar a 1996. A shekarar 2024 iyakar abin da ake cirewa kan yaro guda dalar Amurka 16,810 ce, a 2025 ta kai 17,280, wato kusan miliyan 10 na sefa. Dalar Amurka fa muke faɗi, ba tamu ta tamma biyar ba. Takarda guda ake cikawa mai lamba 8839 a haɗa da takardun haraji, kuma in harajin mutum bai kai yawan kuɗin ba, ana ɗaga mishi saura har shekara 5 masu zuwa.

Yawan kuɗin bai girgiza mu kamar wani sashe na dokar ba. Ko ɗaukar ba ta tabbata ba, ana biya. A ce miji da mata sun daidaita da wata mai ciki cewa in ta sauka su za su ɗauki jaririn. Sun biya lauya, sun yi ta zirga-zirga, sun gyara ɗaki. Ranar da ta haihu ta dubi abin da ta haifa ta ce ta fasa, kuma doka ta ba ta wannan dama. To waɗannan mutane, duk da sun koma gida hannu rabbana, suna iya neman a cire musu abin da sunka kashe, muddin yaron ɗan cikin Amurka ne. In daga wata ƙasa za a ɗauko shi, sai magana ta kammala a kotu tukuna. Agola kuwa ba ya ciki: wanda ya mai da ɗan matarsa nasa ba shi da ko sisi.

Da munka ji haka sai wani ya rubuta a zauren cewa in an kawo dokar ga Nijar, baitulmali zai ƙare tun ba a wuce Matankari ba. An yi dariya. Amma gaskiya ce ya faɗi cikin raha. Ku shiga kowane gida daga Dogonkiriya zuwa Geceme, daga Dankasari zuwa Kore Mai Ruwa, ku ƙirga yaran da ke cin tuwo a kwano guda, sannan ku tambayi nawa ne mai gidan ya haifa. Akwai ɗan fari da anka kai ma kaka saboda kunya. Akwai wadda anka kai yaye ba ta dawo ba. Akwai wanda anka ba gwaggon da Allah bai ba haihuwa ba don ɗakinta kar ya yi shiru. Akwai ɗan ƙauye da ya ci jarrabawa anka turo shi koleji a Dutsi ko Tibiri, ya sauka gidan wani da ko dangin kusa ba ne, ya yi shekara huɗu. Sai marayu, waɗanda uwa ta rasu wajen haihuwa, da waɗanda uba ya tafi Legas ko Libiya labari ya yanke, da na baya-bayan nan da rashin tsaro a bakin iyaka ya bar muna. Mu kanmu masu wannan rubutu, da yawanmu hannun da ya yi muna wanka ba shi ne ya haife mu ba.

Abin da Turawa ke yi da abin da muke yi ba ɗaya ba ne, kuma kar a cuɗa su. Su yaron na ɗaukar sunan wanda ya ɗauke shi, ya gaje shi, a sake mishi takardar haihuwa. Mu Musulunci ya hana muna wannan tun ayoyin farko na Suratul Ahzab, kan labarin Zaidu ɗan Harisa: yaro da sunan ubansa ake kiransa. Ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa, sai dai a yi mishi kyauta da rai ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Dokar farar hula da munka gada daga Faransa ta san ɗaukar ɗa irin ta Turawa, kuma Nijar ta shiga yarjejeniyar Lahay kan ɗaukar yara tsakanin ƙasashe a 2021, amma wannan magana ce ta ofisoshin Yamai. A Arewa riƙo muka sani, kuma riƙo da baki ake ƙulla shi. “Ga ta nan, na ba ki ita duniya da lahira.” Shi ke nan, an gama.

To ga inda gizo ke saƙa. Mu ma muna da namu ɗan sassaucin haraji saboda iyali, sai dai ƙalilan ne sunka san yadda yake aiki. A kundin haraji na 2012, harajin da ake cirewa kan albashi yana sauka gwargwadon mutanen da ke wuyan ma'aikaci: ragin kashi 5 cikin 100 ga mai mutum guda, kashi 10 ga mai biyu, yana hawa sannu-sannu har kashi 15 ga mai shida, sannan kashi 30 ga mai bakwai. Ga kuma kuɗin yara da gwamnati ke ba ma'aikatanta, da wanda asusun CNSS ke ba na kamfanoni. Amma ofis ba ya zuwa gida ya ƙirga kwanuka, takarda yake kallo. Muna da yaya malamin makaranta, yara tara ke kwana a gidansa, uku nasa, huɗu na wansa marigayi, biyu ƴan koleji daga ƙauye. Takardar albashinsa uku ta sani. Buhun hatsin da yake saye a watan Yuli, lokacin da rumbuna sunka yi ƙasa farashi ya hau, bai san da wannan bambanci ba. Haka kuɗin likita: tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, to ranar da maraya ya haura biyar, zazzaɓin damina aljihun kawu yake nema.

Abin haushi, in yaron nan ya girma aka rubuta shi cikin katin gida, mai gari ba ya mantawa da shi ranar karɓar lanho.

Saboda wannan ne wasu ke bin gajeriyar hanya, su je su yi ma ɗan riƙo takardar haihuwa da sunansu. Mun san ana yi, kuma mun san mafi yawa ba da mugun nufi ba ne: yaro zai shiga jarrabawa, babu takarda, uba ba ya nan, sai kawu ya ce a sa sunana mu huta. Hutun ɗan lokaci ne. Ranar rabon gado takardar ga za ta fito, ƴaƴan ciki su ce ba ɗan uwansu ba ne, takarda ta ce shi ne, shari'ar Musulunci ta ce ba shi ba ne, a bar yaron tsakiya yana kallon mutanen da ya tashi yana kira yayye. Can gidan ubansa na gaskiya kuma an raba gona ba da shi ba, tunda a rubuce ɗan wani ne. Ya rasa nan, ya rasa can. Ga hukuma kuma laifi ne babba. Ba mu manta da shari'ar jarirai da ta tashi a Yamai a 2014 ba, wadda ta kai manyan mutane da matansu kurkuku kan zargin jingina ma kai ɗan da ba a haifa ba.

Sai kuma riƙon da ya warware, wanda shi ne ya fi ci muna rai cikin labarin Amurkan nan. Gwaggonmu ta karɓi wata yarinya ranar da anka yi addu'ar bakwai ta uwarta, ko tafiya ba ta fara ba. Da kunu da nonon akuya ta raya ta. Ta goya ta zuwa rijiya, ta goya ta zuwa gona, ta kwana da ita a likita lokacin ƙyanda. Duk ranar kasuwa in ta sai da ƙuli da mai, sai ta ware wani abu ta sayi kwano ko tasa ta tura ƙarƙashin gado, wai kayan ɗakin ɗiyarta. Shekara goma sha uku ana haka. Ranar nan uban ya dawo daga inda ya daɗe, da sabuwar mata mai goyo, ya zauna a zaure ya gaida maza, sannan ya ce ya zo tafiya da ɗiyarsa. Kowa ya san dalili, amarya na son mai taya ta aiki, kuma samari sun fara tsayawa ƙofar gida. Anka tara dattawa, anka yi ta magana har la'asar, daga ƙarshe sunka ce da gwaggo ta yi haƙuri, ɗa na ubansa ne. Ta ce: “Yaya, na ji. Amma ku tambaye shi, in ya san wace kunne ce ke mata ciwo in sanyi ya taho, ya ɗauke ta.” Bai sani ba. Ya ɗauke ta.

Ba wanda ya yi zancen kuɗi ranar, kuma da wani ya yi, gwaggo ce za ta fara zaginsa. Mu ma ba mu son ranar da za a sa ma riƙo farashi. Duk inda kuɗi ya shiga tsakanin babba da yaron da ba nasa ba, ƴan kasuwa na biyo baya, kuma ko yanzu da babu ko tamma muna ganin masu ɗauko ƴan mata daga ƙauye da sunan riƙo su ɗora musu tiren talla, ko su tura su wanke-wanke a Yamai, nasu ƴaƴan na lakwal. In aka ce kowane ɗan riƙo na da kuɗi a baitulmali, irin waɗannan ne za su riga kowa layi. Ko a Amurka ɗin, tun asali dokar mai albashin da ake cire ma haraji ta fi amfana. A 2025 anka yarda a ba mutum har dalar Amurka 5,000 a hannu ko da harajinsa bai kai ba. A nan kuwa mutum nawa ne a gundumomin Dutsi da Tibiri ke da takardar albashi? Mafi yawan masu riƙo mata ne, manoma, masu sai da ƙuli da fura, ragin harajin albashi ba zai taɓa isa ƙofar ɗakinsu ba.

Abin da ya burge mu a dokar can shi ne ta yarda cewa wanda ya yi ɗawainiya ya yi ta, ko yaron ya zauna ko ya tafi. Mu nan shekara goma sha uku na gwaggo ba su rubuce ko'ina, ba a meri ba, ba wajen sarki ba, ba wajen alƙali ba. Da uban ya musa ya ce wata shida kawai ta yi a hannunta, sai dai a nemi tsofaffin unguwa su rantse.

Kuma hanya na nan, ba sai an jira sabuwar doka ba. Kotunanmu na yin hukunci da al'ada a sha'anin iyali, alƙali na zama da masu ba shi shawara kan al'adar masu ƙara. Dangi na iya zama su yi taron iyali, a rubuta cewa wane ɗan wane ne, uwarsa wance, yana hannun wane tun shekara kaza, shaidu su sa hannu, a kai kotun Dutsi alƙali ya tabbatar. Takardar ba ta canza ma yaro uba, ba ta taɓa gado, ba ta saɓa ma addini. Ita ce ma'aikaci zai riƙa ya je wajen masu lissafin albashi ko CNSS ya nemi a duba maganar marayun da ke wuyansa, ita ce makaranta da likita da jami'an kan iyaka za su gani su san wa ke da alhakin yaron. Maroko ta yi ma irin wannan riƙo doka sukutum a 2002, suna kiransa kafala, Aljeriya ta sa shi cikin dokar iyalinta tun 1984. Musulmi ne kamarmu, ba su ga ya rage ladan riƙon maraya ba don an rubuta shi.

Mun san abin da ke hana mu: kunya. Ƙanenka ya kawo maka ɗansa, ka ce mu je a rubuta, sai ya ji kamar ka ce ba ka yarda da shi ba, ko kana shirin ƙwace mishi ɗa. To a faɗa mishi takardar shi ta fara karewa, tunda sunansa ne za a rubuta a matsayin uba. A wajen taron kuma a yi maganar da ba mu son yi tun da sauran zumunci: wa zai biya makaranta, wa zai aurar in mace ce, kuma in uba ya so karɓar ɗansa, yaushe, ta wace hanya, za a tambayi yaron ko ba za a tambaye shi ba.

Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa. Wanda ya wuce haka sai ta hannun alƙali, shi ya sa lokaci-lokaci alƙalai ke fita ƙauyuka su yi zaman ba da takardun haihuwa. In kun ji sanarwar irin wannan zama a rediyo ko bakin mai gari, ku tafi da ƴan riƙon gidanku tare da naku, da shaidu biyu da sunka san iyayensu, kuma a rubuta sunan uban da ya haife su. Ƴan uwanmu da ke aiki a kotu, a meri ko ofishin haraji na Doso, muna roƙon ku rubuto muna a ƙasa takardun da ake nema ɗaya bayan ɗaya da kuɗin tambur na yanzu, mu kuma za mu karanta ma waɗanda ba su karatu a zauren garinmu.