Gwajin Mota Mai Ɗaki A Hawan Falez

A wannan wata labarin tafiya na kawo muku, ko da yake ba doguwa ba ce, domin daga Ngaundere ne zuwa Mbe da komowa, yini guda tak. Dalilinta kuwa shi ne yayana, wanda ya bar aikin jirgin ƙasa a shekarar 2023, ya karɓi kuɗin sallamarsa, ya ce shi ba zai zauna gindin mangwaro yana ƙirga masu wucewa ba, fatauci zai shiga irin na kakanninmu. Nufinsa ya riƙa bin kasuwannin ƙauye daga nan har bakin Garwa da atamfa da takalma, in dare ya yi ya kwana cikin motarsa tare da kayansa. Da wani dillali ya ji haka sai ya kai shi bayan wani garaji ya nuna masa mota mai ɗaki, aka sa mata kuɗi miliyan 2 da rabi, watau kusan rabin abin da ya tara a shekara talatin.

Motar Volkswagen ce, samfurin da ake kira T3, ƙirar 1984. An fara yin irinta a Jamus a 1979. Waɗanda suka manyanta za su tuna lokacin da samarin Turai ke ƙetare Sahara da motoci ta Tamanrasset da Agadas, su sayar da su a Nijar ko Nijeriya ko nan Kamaru, su koma gida a jirgin sama. Wannan hanya ta mutu a farkon shekarun 1990, sakamakon tawayen Buzaye da yaƙin Aljeriya, amma wasu motocin sun saura suna ta sauya hannu. A cikinta akwai murhun gas, da ɗan kwanon wanke-wanke mai famfo, da kabad, da kujerar baya wadda ake shimfiɗewa ta zama gado. Rufinta ana tura shi sama sai tamfol ya miƙe, mutum ya tsaya a miƙe, kuma ga wani gadon a can sama. Yaya ya gwada gadon nan sau uku kafin ya tambayi lafiyar inji sau ɗaya.

Dillali ya riga ya zaga da shi cikin gari, daga tashar jirgi zuwa ƙofar fadar Lamiɗo, motar na tafiya sumul. Na ce masa, "Yaya, ba a cinikin biri a sama. Kai Garwa kake so ka riƙa zuwa, tsakaninka da Garwa kuwa akwai Falez. Mu kai ta can ta faɗa mana gaskiya da bakinta." Dillali ya yi ta gardama, daga baya ya yarda a kan mu zuba mai da kuɗinmu. Muka ɗauki wani tsohon bakanike na unguwarmu, wanda duk muke ce wa Baba, muka tashi bayan sallar asuba wata Asabar cikin hutun Disamba. Ni aka ba tuƙi, saboda Yaya ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan dogo ne, inda ba a murɗa sitiyari.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne zaman direba. A ƙananan motocin da muka saba da su, inji da tayoyin gaba suna gabanka. A wannan kuwa kana zaune ne daidai bisa tayar gaba, ƙafafunka sun wuce ta, babu komai tsakaninka da hanya sai gilashi da ɗan ƙarfe. Injin yana can baya, ƙarƙashin katifa, saboda haka ƙararsa daga nesa kake jin ta kamar injin niƙa na maƙwabta. Sitiyarin faffaɗa ne, a kwance kusan kamar faifai, kuma ba shi da na'urar da ke sauƙaƙa murɗawa. In mota na tsaye sai ka sa ƙarfi, amma da ta ɗan motsa sai ya yi sauƙi. A kwanar farko na murɗa da wuri kamar yadda hannuna ya saba, tayar baya ta hau bakin lambatu. Baba ya ce, "Malam, ka bari jikinka ya shiga kwana tukuna sannan ka juya, ai tayar tana ƙarƙashinka ne, ba gabanka ba."

Muka bi babbar hanyar arewa, muka wuce Dang mai nisan kilomita 15, inda jami'a take. Wannan yanki shimfiɗaɗɗen tudu ne, ga ciyawa ta bushe, ga shanun Fulani a cikin hazo. Nan na taka totur har ƙasa don in ji iyakarta. Ta kai 80 a hankali, ta kai 90 da lallashi, daga nan sai ƙara ta ƙaru amma gudu bai ƙaru ba. Ba cuta ba ce, haka aka ƙera ta: injin dizal ne mai lita 1.6, ƙarfin doki 50. Ga kuma wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Ngaundere tana bisa tsawon da ya haura mita 1,100 daga teku, iska kuwa tana raguwa in ana hawa, kuma injin da ba shi da turbo yana asarar wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000. Ke nan dokin nan 50 sun koma kamar 45 tun ba mu bar gida ba. In an ɗora kaya motar za ta haura tan 2, kowane tan ya sami doki 20 da 'yan kai. Hiace mai dizal da ke jigilar fasinja a hanyar nan ta kusa ninka ta ƙarfi. Na yi wa Yaya wannan lissafi a bayan kwalin sukari, ya ce, "Ka ji malamai, sai su ƙirga maka doki kai kana bisa jaki."

A wannan fili ne kuma na fara jin abin da bai kwanta mini ba. Jikin motar dogo ne, gefenta kamar bango, saboda haka duk lokacin da iskar hunturu ta bugo daga dama sai ta ture ta, in tirela ta wuce kuma sai ka ji kamar an fizgo ka. Wannan halinta ne, kowa ya sani. Abin da ba halinta ba shi ne, in na ɗan motsa sitiyari don in dawo da ita, akwai wani fili a tsakiya da ba abin da ke amsawa, sai na wuce shi sannan ta juya gaba ɗaya, in sake komowa. Tafiyar ta zama kamar ta mai ɗauke da tulu cike da ruwa. Baba bai ce komai ba, amma na ga yana kallon hannuwana.

Wajen kilomita 40 daga gari ƙasa ta ƙare a gabanmu. Wanda bai taɓa tsayawa a kan Falez da safe ba, ya kamata ya je ko sau ɗaya. Tudun Adamawa yana yankewa ne kawai, ka hango kwarin da ya miƙa har kogin Binuwai a shimfiɗe can ƙasa, duwatsu na leƙowa daga cikin hazo kamar tsibirai. Garwa tana wajen mita 200 ne kacal daga teku, kuma babban kaso na wannan gangara a 'yan kilomitocin nan ake yin shi. Tun da dogo ya iso Ngaundere a 1974, kayan da ake saukewa daga jirgi zuwa Garwa da Marwa da Kuseri da Njamena ta nan suke sauka, auduga da shanu kuma ta nan suke hawowa. Don haka hanyar ba ta rabo da manyan motoci, ƙarƙashin kwanoni kuma ba ya rabo da gawarwakinsu.

Baba ya ce, "Sa giya ta biyu tun daga nan. Giyar da za ka hau da ita, da ita ake sauka." Ya bayyana mana cewa mai dogara da birki kaɗai a doguwar gangara, ƙarfen zai yi zafi, man birki in ya tsufa ya sha ruwa sai ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Ƙaramin inji kuwa ba ya riƙe nauyi sosai, dole kana taimaka masa, ka taka da ƙarfi kaɗan ka saki, ba ka ɗora ƙafa ka bar ta ba. Haka na yi, injin na ihu a bayanmu.

A nan ne sitiyarin ya nuna mini fuska biyu. In na riga na shiga kwana, nauyi ya kwanta a gefe guda, to wallahi ban taɓa riƙe sitiyari mai gaskiya irinsa ba. Duk wani tsakuwa, duk inda kwalta ta kumbura saboda nauyin tireloli, duk inda taya ke neman zamewa, kana jin shi a tafin hannunka tun kafin ido ya gani. Amma tsakanin kwanar hagu da ta dama, lokacin da sitiyari ke ratsa tsakiya, sai wannan fili ya dawo, na ɗan lokaci kamar ƙiftawar ido motar ba ta hannun kowa. A wata kwana mun haɗu da tankar mai tana hawowa ta ci rabin hannunmu, na kauce, motar ta yi jinkirin amsawa, ta kuma amsa fiye da yadda na nema, tayar dama ta taɓa tsakuwar gefe. Yaya ya yi salati da ƙarfi. Bayan wannan bai ƙara zancen gado ba har muka sauka Wak.

A gindin dutse muka cire rigunan sanyi, domin zafin arewa ya tarye mu. Baba ya kashe inji, ya sa na riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama shi yana leƙen tayoyi. Ya ce wasan ya kai faɗin yatsu huɗu, alhali bai kamata ya wuce biyu ba. Ya shiga ƙarƙashi ya nuna mana dalili. Da yake direba na gaba da tayoyi, sandar sitiyari tana sauka ne cikin wani ɗan akwatin haƙora a can gaba, daga nan wata sanda ta komo baya zuwa ga tayoyin, kuma a mahaɗinsu akwai faifan roba. Robar ta tsattsage saboda shekara arba'in na rana da ƙura. Ya ɗaga motar da jak ya girgiza taya, ƙullin da 'yan garajinmu ke kira rotil shi ma ya saki a gefen dama. Ya ce duka biyun gyara ne na yini guda in an sami kayan, samun kayan ne aiki, watakila sai an aika Duwala.

Muka ƙarasa Mbe, garin mutanen Duru, waɗanda duk arewacin Kamaru ya san doyarsu. An jera ta tsibi-tsibi a bakin hanya, mata na kiran masu wucewa da Fulatanci. Baba ya ce mu saya da yawa, don gwajin hawa ba kaya yaudarar kai ne. Muka cika tsakar motar da doya wajen nauyin buhu uku, muka ci tuwo, muka yi azahar, muka juyo.

Hawan ya fara da giya ta uku, bai yi nisa ba ta nemi ta biyu. Allurar gudu ta tsaya tsakanin 25 da 30, baƙin hayaƙi na fita a baya. A ƙasan raina na yaba mata, domin ba ta shaƙe ba, ba ta yi tari ba, tana ja ne a hankali kamar tsohon jaki da ya san hanyar gida. Matsalar ita ce in ka tarar da tirela tana rarrafe, yaran mota na bin ta da guntun itacen tokare taya a kafaɗa, ba ka da ƙarfin da za ka wuce ta kafin kwana ta gaba. Sai ka bi bayanta da giya ta ɗaya, iska ba ta shiga lagireto. Lagireton wannan mota yana gaba, inji na baya, ruwa na bin dogayen bututu a ƙarƙashi. Kafin rabin hawa allurar zafi ta doshi ja. Baba ya ce in tsaya a wani ɗan fili, in bar injin yana aiki. Ya kasa kunne a gaba, ya ce fankar ba ta tashi ba. Ya haɗa mata waya kai-tsaye, ta kama juyawa, allura ta sauko. Bayan ya huce muka sauke doyar da ke kan murfin inji, ya buɗe ya duba tankin ruwa ko yana kumfa, wanda shi ne alamar gaskit ya ƙone ko kan inji ya tsage. Bai ga kumfa ba.

Nan a gefen dutse aka yi shawara. Yaya ya ce, "Baba, ka faɗa mini tsakaninka da Allah." Baba ya ce, "Alhaji, injinta lafiyayye ne, amma ƙarami ne. In ka ce kowane mako za ka hau nan da kaya, kafin damina biyu za ka zo mini da shi a buhu." Ni kuwa ra'ayina ya fi na Baba tsanani, na ce a bar ta gaba ɗaya, domin hannuna bai manta da tankar nan ba, kuma kuɗin sallama ba a karɓarsa sau biyu. Yaya ya yi shiru yana kallon kwarin.

Mun shigo gari ana kiran magariba. Bayan kwana uku Yaya ya koma wurin dillali tare da Baba, suka jera masa abin da Falez ta nuna, aka sauko zuwa miliyan 1 da jaka 800. Ya saya, ba da son raina ba. Robar sitiyari ta yi wata biyu kafin ta iso, kuma Baba ya ɓoye makullin har aka ɗaura ta. Yaya ya bar zancen Garwa, ya koma bin kasuwannin da ke kan tudu ta hanyar Meiganga, inda hawan bai kai wancan ba. Da aka gama gyara na sake tuƙa ta zuwa Dang, filin nan na tsakiya ya ɓace, sitiyarin na amsawa tun daga motsin farko. Falez kuwa sau ɗaya ya sake saukarta, lokacin doya, kuma sai da ya zo gidana tun da asuba ya ce in zo in riƙe masa sitiyari.