Mako Mai Tsarki na 2014 a Mararaba

Duk wanda ya tashi a gidan Kirista a Arewa ya san yadda Mako Mai Tsarki yake tafiya. Lahadi yara su shigo majami'a da ganyen dabino, Alhamis a ci Jibin Ubangiji, Juma'a a tuna da gicciye, in Lahadi ta sake zagayowa a ci ado a fito murnar tashin Almasihu. Haka na gada, haka kuma nake ƙaunarsa. Amma nauyin da makon nan yake iya ɗauka, sai a watan Afrilun 2014 na gan shi da idona.

A Mararaba muke zaune a lokacin, bakin iyakar Nasarawa da Abuja. Ikilisiyarmu reshe ce ta EYN, wadda ta samo asali a Garkida a 1923, inda aka yi sujadar farko a gindin tsamiya. Yawancinmu 'yan kudancin Borno ne da arewacin Adamawa waɗanda neman abinci ya kawo: Bura, Margi, Kibaku, Higi. Kowa da yarensa a gida, amma in an taru da Hausa ake wa'azi, da ita ake kuka gaban Allah.

Lahadin Dabino ta faɗo 13 ga wata. Mun riga mun saba da bincike a bakin ƙofa, mata ba sa shiga da manyan jakunkuna, motoci kuma a ajiye su can nesa. Duk da haka yara suka yi ta kaɗa ganyensu, aka tashi lafiya.

Litinin da sassafe, bakwai ba ta cika ba, muka ji ƙarar da ta girgiza tagogi. Tashar motar Nyanya ce, inda talakawan Mararaba da Masaka da Karu suke yin layi kullum don shiga manyan motocin zuwa cikin Abuja. Maigidana ya fita kafin nan, wayarsa kuma ta ƙi shiga. Sai da rana ta take ya dawo a ƙafa, rigarsa duk toka, cunkoson hanya ne ya tsare shi bai kai tashar ba. Ya zauna a bakin gado bai ce uffan ba. Sama da mutum 70 suka rasu a wurin: leburori, masu shara a ofisoshi, masu talla, direbobi, Musulmi da Kirista, wuta ba ta tambayi kowa addininsa ba.

Muna cikin wannan, Talata wayoyi suka fara shigowa daga gida. A daren Litinin ɗin nan 'yan Boko Haram sun shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Chibok, inda ɗalibai suka taru don jarrabawar ƙarshe, sun kwashe su a motoci zuwa wajen dajin Sambisa. Sai daga baya aka tabbatar da adadin, 276, waɗanda 57 daga cikinsu suka samu suka tsere. Mafi yawansu 'ya'yan ikilisiyarmu ne. A wajenmu ba labarin rediyo ba ne. Wannan ɗiyar ƙanin wance ce, waccan jikar dattijon da ya yi wa wane baftisma.

Laraba aka ba da sanarwa cewa an ceto su saura takwas. Na ji guɗa a unguwarmu. Kafin Alhamis ta ƙare iyaye a Chibok suka ce su dai ba su ga 'ya'yansu ba, aka janye sanarwar. Da wannan zuciya muka shiga sujadar yammacin Alhamis.

Al'adar ikilisiyarmu ce kafin a karya gurasa a wanke wa juna ƙafa, maza gefe guda, mata gefe guda, kamar yadda Yesu ya ɗaura tawul ya durƙusa gaban almajiransa a daren da aka bashe shi. Wadda ta faɗo hannuna wata dattijuwa ce 'yar Chibok daga Zumuntar Mata, mai sayar da gyaɗa a bakin titi. Ɗiyar ƙaninta na cikin waɗanda aka tafi da su, ita ce kuma ta yi goyonta tana ƙarama. Da na jawo kwanon ruwa sai ta janye ƙafafunta.

Ta ce, "Bari, ɗiyata, sun yi datti da yawa. Yau ban zauna ba."

Na ce, "Mama, kawo su. Don haka aka kawo ruwan."

Diddigenta duk faso, ƙurar Mararaba ta shige cikin tsagar har ruwan ya koma ja. Wayarta na ɗaure a gefen zaninta, hannunta ɗaya a kai, kada ta yi ƙara ba ta ji ba. Ina cikin goge mata da tawul ta sunkuyo ta ce a hankali, "Ko tana da takalmi a dajin nan?" Ba ni da amsa, ba ta kuma nemi amsa a wurina ba. Na riƙe ƙafar na ci gaba da gogewa. Sannan ta tashi da kyar, ta durƙusa, ta wanke nawa.

Na sha jin wa'azi cewa wankin ƙafa darasi ne na tawali'u, kuma gaskiya ne. Abin da na gani a daren ya wuce haka. Yesu ya san abin da ke jiransa, ya san wanda zai bashe shi yana zaune a wurin, bai kuma ɓata daren wajen yi musu bayanin dalilin wahala ba. Ruwa ya ɗauka. Mai bi na yau da ya rasa abin faɗa wa maƙwabcinsa mai makoki, an bar masa wannan hanyar.

Juma'a ta fi tsanani. Baba Fasto ya bi labarin daga Getsamani zuwa gaban Bilatus har Golgota, ya tsaya kan roƙon gafara da Yesu ya yi wa masu gicciye shi. Sai ya ce mu durƙusa mu yi addu'a domin 'yan matan, mu kuma yi domin waɗanda suka sace su. Majami'a ta yi tsit. Wani magidanci ya miƙe, ya ɗauki hularsa ya fita. Baba Fasto bai kira shi ba, bai kuma yi masa habaici ba. Cewa ya yi a bar shi, shi ma Ubangiji a kan gicciyen nan ya ɗaga murya ya tambayi Uba dalilin da ya sa aka yashe shi.

Har yau ina ganin dukansu biyu suna cikin gaskiyar wannan rana. EYN ikilisiya ce da ta ƙi ɗaukar makami tun asalinta, ta kuma biya wannan da tsada: a ƙarshen Oktoban shekarar aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos. Addu'ar da muka yi ba ta nufin a daina neman yaran, ko a ƙyale masu laifi ba hukunci. Roƙo ne kada ƙiyayya ta mayar da mu irinsu. Na yi ta, bakina na rawa, kuma na san akwai waɗanda suka durƙusa kawai ba su iya furta komai ba.

Amma ranar da ta zauna mini a rai ita ce Asabar. A da, ranar cefane ce kawai a wurina, a yanka kaji, a karɓo ɗinki. Linjila ma ba ta faɗi abu mai yawa a kanta ba: an sa gawar a kabari, an rufe da dutse, matan da suka bi shi sun haɗa kayan ƙanshi sun zauna saboda Asabbaci. Mu da muka san ƙarshen labarin mukan tsallake ta da gudu. Su ba su san Lahadi na tafe da wani abu ba. Abin da suka sani, wanda suka sa zuciya a kansa ya mutu, Allah kuma ya yi shiru.

Mun wuni a ɗakin Mama mu 'yan Zumunta, zaman makoki ba gawa. Ba a ce an mutu ba balle a yi ta'aziyya, ba a ce an dawo ba balle a yi barka. Labari ya zo cewa iyaye maza sun haɗa kuɗin mai, sun hau babura sun shiga daji neman 'ya'yansu da kansu. Rediyo na kunne ƙasa-ƙasa. Wata ta kawo kunu, wata ta tsefe wa Mama kai, wata maƙwabciyarta Musulma ta shigo da tuwo ta zauna tare da mu har magariba. A nan na fahimci cewa masu bi da yawa a ƙasar nan cikin wannan Asabar suke rayuwa: matar da aka sace mijinta a hanya, uban da ɗansa ya fita bai dawo ba, masu gudun hijira da ke jiran ranar komawa gona. Mako Mai Tsarki bai mance da su ba, ya ware musu yini guda cur, kuma Almasihu da kansa ya kwana a cikinsa.

Lahadi 20 ga wata muka fito tun da asuba. Ban yi zaton za a iya waƙa ba, sai ga 'yan Zumunta cikin anko, an buga tulu da ganga, Mama a sahun gaba tana waƙa hawaye na zuba. Magidancin nan ma ya dawo, ya zauna a baya. Wa'azin gajere ne. Baba Fasto ya ce matan nan sun kama hanyar kabari ba su san mai gusar musu da dutse ba, suka dai tafi. Ya ce wanda ya tashi ya tashi ne da tabon ƙusoshi a hannunsa, har ya nuna wa Toma. Wannan ya riƙe ni. Ban ji an ce mu share hawaye mu yi kamar ba abin da ya faru ba. An ce mana mutuwa da masu aikinta ba su ne za su yi magana ta ƙarshe ba, mun kuma gaskata, ko da yake ko yarinya ɗaya ba ta dawo ba a ranar.

An saki 21 a Oktoban 2016, aka saki 82 a Mayun 2017, a Abuja aka haɗa su da iyayensu. Duk lokacin da aka fitar da sunaye Mama takan kawo a karanta mata tun daga farko har ƙarshe. Tata ba ta ciki. Ita ce kuma ta dafa shinkafar da aka kai wa dangin wata da ta dawo. Yanzu ta koma gida wajen ƙaninta, mukan yi waya in Ista ta gabato. Ta tambayi yara, ta koka da tsadar taki, sannan ta ce, "Kuna dai ambaton sunanta ranar Asabar ɗin?" Muna ambata, mu da sauran matan Zumunta, ita da duk waɗanda ba su dawo ba.