Ƙofar da Ake Shiga da Sa'a

A Kagara ba a yanke wa ziyara sa'a. Wanda ya yi niyyar zuwa hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, inda aka binne shi a 1837, mota kawai zai shiga. Ya isa, ya tuɓe takalmi, ya gai da masu kula da wurin, ya yi addu'a, ya juyo. In ya tarar da cunkoso, ya jira a inuwa. Da wannan sabo Malam Umaru ya tashi, kuma da shi ya kai mahaifiyarsa Umara a goman ƙarshe na Ramadan.

Kuɗin tafiyar na albasa ne, noman rani huɗu a fadamar Rima. Burin tsohuwar kuwa bai wuce ɗaya ba: raka'a biyu a Rauda, tsakanin mumbarin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ɗakinsa. Tun a Sakkwato wani abokin tafiya ya tambaye shi ko ya nemi izinin shiga ta waya. Wakilin da ya yi musu biza ya ce a bari sai an isa. Shi ma Malam Umaru abin bai kwanta masa ba. Yaya mutum zai rubuta cewa ranar kaza, ƙarfe kaza, zai tsaya a wuri kaza, alhali gobe ta Allah ce?

Abin da bai sani ba shi ne, tun annobar korona a 2020 hukumomin Saudiyya suka mayar da shiga Rauda da izini, wanda yanzu ake nema ta manhajar Nusuk. Kyauta ne, amma yana ɗauke da rana da lokaci, na maza daban, na mata daban. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rauda ba ta wuce kimanin mita 22 a tsawo da 15 a faɗi ba, filin da bai kai wata ƙaramar gonar albasa ba, ga duniya duka tana nufinsa a wata guda. Ko gidan tarihi na Louvre da ke Faransa, duk da girmansa, ya ƙayyade baƙinsa zuwa 30,000 a rana. Inda aka raba yini sa'a-sa'a, sammako ba ya sayen wuri. Wanda ke zaune a wata ƙasa da waya a hannu ya riga mai tsaye a bakin ƙofa.

Kwana uku aka ba su a Madina. Daren farko ya buɗe manhajar, ya tarar babu gurbin mata ko ɗaya a kwanakinsu. Ya yi ta dubawa bayan sahur da bayan asham, ko wata za ta fasa.

"Malam, sun ce a dawo gobe?" in ji tsohuwar, wadda ba ta kiran sunansa domin ɗan fari ne.

"Inna, ana kan dubawa."

Tsoronsa na farko yana da ɗan tushe. Tikitin da aka saya da kuɗi yana ɗaure mutum: jirgi ya makara ko biza ta jinkirta, kuɗin na iya salwanta. Irin wannan, a jira ranar tashi ta tabbata. Amma izinin da ba a biyan ko kwabo, ba wata asara a kama shi tun daga gida, kuma cewa "in Allah Ya so" ba ta taɓa hana manomin Goronyo yin ragar albasa kafin ruwa ya janye ba.

A rana ta biyu ya sayi tikitin gidan tarihin rayuwar Annabi da aka buɗe a 2021 dab da masallacin, shi ma mai sa'a, tun kafin ranar shiga. Suka shiga a kan lokaci. Ta daɗe gaban siffar Madina ta zamanin hijira, tana tambayar inda ɗakin Nana A'isha yake. Rauda dai ba ta samu ba. Ranar tafiya Makka ta tsaya a harabar masallaci, inda take hango koren ƙubba, ta yi sallama daga nan.

A mota ta ce ya rubuta sunan manhajar a takarda da manyan baƙaƙe. Maƙwabciyarta ta biya kujerar Hajjin bana.