Sana'ar Ƙanƙara a Garwa: Lissafin da Ke Gaban Zuba Jari

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Garwa ba ya buƙatar a gaya masa dalilin da ya sa matasan garin suke mafarkin sana'ar ƙanƙara. Garin yana kwance ne a kwarin kogin Binuwai, kuma daga Maris zuwa farkon damina zafinsa yakan haura digiri 40. Mai sayar da zoɓo na neman ƙanƙara, mai kunun aya na nema, haka mai kifi da mai nama. Saurayin da ya kammala karatu, ya zauna shekara biyu babu aiki, idan ya dubi wannan cunkoso sai ya ga kamar kuɗi ne ke yawo a titi babu mai tsinta. Sai ya je wajen kawunsa ya roƙi rancen kuɗin firiza biyu, yana mai rantsuwa cewa kafin shekara ta zagayo zai mayar da uwar kuɗi.

Tambayar da tsofaffin 'yan kasuwa sukan yi wa irin wannan yaro gajeriya ce: “To, ɗana, ribar a kan me take zaune?” Littattafan jami'a suna kiran wannan aiki nazarin yiwuwar kasuwanci, suna kasa shi babi-babi. Hausar kasuwa kuwa ta daɗe da rarrabe jari da uwar kuɗi da ciniki da riba, kuma ta san ciniki daban, riba daban. Mutum yana iya wuni yana ƙirga kuɗi alhali uwar kuɗinsa yake ci.

Ribar ƙanƙara a Garwa a kan wutar lantarki take zaune, wutar kuma a kan ruwa. Madatsar Lagdo, wadda aka gina a kan Binuwai tsakanin 1977 da 1982 da taimakon ƙasar Sin, ita ce ginshiƙin wutar arewacin Kamaru, da ƙarfin megawat 72 idan tafkin ya cika. Tafkin yana cika ne da damina, ya riƙa ja da baya cikin rani, har ya kai ƙarshen ƙasa a daidai bazara. Ke nan watannin da kowa ke neman ƙanƙara su ne watannin da aka fi yanke wuta. Mutanen Garwa da Marwa ba su manta da shekarun 2020 da 2021 ba, lokacin da ruwan Lagdo ya yi ƙasa ƙwarai, aka riƙa raba wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa daga baya a Gider da Marwa sun rage raɗaɗin, amma mai lissafi na gaskiya ba zai ɗauka firizarsa za ta samu wuta dare da rana a watan Afrilu ba. Ruwan da ke cikin leda yana buƙatar sa'o'i masu yawa a jere kafin ya daskare. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar dare, da safe abin da ke hannunsa ruwan sanyi ne, kuma ruwan sanyi ba ya yin kuɗin ƙanƙara.

Nan yaro yakan ce zai sayi janareta. Da ya faɗi haka ya ɗaga ribarsa daga kan ruwan Lagdo ya ɗora ta a kan farashin mai, wanda labarinsa ya fi na ruwa sarƙaƙiya. Shekaru da dama arewacin Kamaru yana rayuwa da man da ake shigowa da shi daga Najeriya ta ɓarauniyar hanya, wanda ake sayarwa a kwalabe a bakin titi ana kiransa zuwa-zuwa. Arahar wannan mai ba daga ƙwazon masu safararsa ta fito ba. Tallafin da gwamnatin Najeriya ke biya ne ya riƙe ta. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, kuma kwalbar zuwa-zuwa a Garwa ta bi sahu nan take. A gidajen mai na hukuma ma, litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan zuwa 840 a Fabrairun 2024. Duk ɗan acaba ko mai injin niƙa da ya gina lissafinsa a kan tsohon farashi ya wayi gari yana aiki don wani, saboda magana ɗaya da aka yi a Abuja.

Garwa kanta ta taɓa ganin irin wannan a babban sikeli. A da tasharta ta jiragen ruwa tana cikin manyan tashoshin ƙasar. A 'yan makonnin da kogi ke cika, jirage suna hawowa ta Makurdi da Yola su sauke kaya, su ɗauki auduga da gyaɗa. Da layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, hanyoyin mota suka inganta, madatsa kuma ta sauya tafiyar ruwan, sai tashar ta mutu a tsaye.

Akwai kuma abin da ba kasafai ake sa shi cikin lissafi ba, wato kalandar azumi. Mafi yawan waɗanda suka yi sha'awar sana'ar nan sun gan ta ne a shekarun da Ramadan ya faɗo cikin tsananin zafi, kamar 2022 da 2023 da 2024, inda kafin magariba ake layi a ƙofar duk mai firiza. Amma watan yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2026 ya kama ne cikin Fabrairu, kuma a 2030 zai faɗo cikin Janairu, tsakiyar hunturu, lokacin da mai buɗa-baki ya fi son kunun gyaɗa mai zafi. Wanda ya auna kasuwarsa da azumin bazara ya ɗauki ranar salla ya mai da ita ma'aunin shekara.

Duk wannan bai nuna sana'ar ba ta yiwuwa ba. Akwai masu cin abinci da ita a Garwa, kuma yawancinsu ba su dogara ga mai shan ruwan sanyi kaɗai ba. Kifin tafkin Lagdo yana buƙatar ƙanƙara kafin ya isa kasuwa, kuma dillalin kifi ɗaya da ke ɗauka kowace safiya ya fi masu sayen leda ɗaya-ɗaya hamsin amfani, domin da shi ake sanin abin da za a daskarar gobe. Shi ya sa dattijon da ya san kasuwa, kafin ya fitar da ko sisi, yakan umarci yaro ya yi hayar rabin firizar wani tsawon wata ɗaya, ya sami littafi ya riƙa rubuta sa'o'in da aka yi babu wuta, da ledojin da suka narke, da waɗanda aka karɓa bashi. Yakan kuma ƙara da cewa kada gwajin ya tsaya a Afrilu, a maimaita shi a Agusta, lokacin da ruwan sama ke zuba kuma babu mai waiwayar ƙanƙara sai masu kifi.